Lauyan Ɓarawo Ya Je Neman Aure

Shekarun baya, lokacin ina neman auren matata, an yi wani fim mai dogon zango da ya hana majalisarmu sakat a Gwarzo. Labarin wani mai gadi ne da ya buɗe wa ɓarayi sito suka kwashe kayan ubangidansa, bayan ubangidan ya mari mahaifinsa a tsakiyar kasuwa. Kowa ya gama yanke masa hukunci, ni kaɗai na tsaya masa, har aka laƙaba mini Lauyan Ɓarawo. Sunan kuwa daɗi yake mini, don Allah ya yi ni da son gardama.

Wata rana bayan la'asar muna gindin darbejiya, wani dattijo ya jingine kekensa ya yi sallama, ya ce zai ɗan huta. Muka gaisa, muka matsa masa a benci. Ganin na samu sabon kunne, sai na gyara zama.

Na ce, "Baba, kai za ka raba mu. Mai gadin nan ba kwaɗayi ne ya kai shi ba, ko tsinke bai ɗauka ba. Zuciya ce. Wallahi da ni ne, ba ƙofa kaɗai zan buɗe ba, har dako zan taya su."

Wani abokina yana ta taka mini ƙafa, ni kuwa na ɗauka hujja ce ta ƙare masa. Na zarce da bayanin inda ɓarayin suka yi wauta, da yadda ya kamata su ɓatar da sawu. Dattijo dai kai yake gyaɗawa yana cewa, "Ikon Allah. To, to."

Sai da ya hau kekensa abokina ya ce, "Ka kashe kanka. Kawun yarinyar ne daga Masanawa, binciken halinka aka turo shi."

Ranar ko tuwo bai wuce mini ba, don ina son yarinyar nan ba kaɗan ba. Mahaifiyata da ta ji ta ce, "'Ya'yan mutane ana zuwa bincike a tarar da su a masallaci, kai an tarar kana koyar da sata. Baki dai shi ke yanka wuya."

Ba a jima ba mahaifin yarinyar ya aiko in je. Na durƙusa a zaure, Kawu na gefe yana jan carbi.

Mahaifin ya ce, "Malam, kai ne mai yi wa ɓarayi dako?"

Na ce, "Baba, a gafarce ni, fim ne."

"Na sani, a gidan nan ma ba ya wuce mu. Mai gadin nan amana ya ci, a nan ba ka da gaskiya." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma 'yar nan tawa akwai zuciya, ni ta gado. Na daɗe ina roƙon Allah ya ba ta wanda zai tambayi dalili kafin ya yanke hukunci. Wanda ya nema wa ɓarawo uzuri ba zai rasa nata ba. Turo magabatanka."

Yau na yarda mai gadin ya ci amana, ko da yake har yanzu ina jin tausayinsa. Maganar surukina kuwa ta zame mini alƙawari, duk ranar da rai ya ɓaci a gida ita nake fara tunawa.

Kawu ne dai bai gama gamsuwa ba. Duk sanda na je Masanawa zai tarbe ni da fara'a, ya tambayi iyali, sannan ya leƙa cikin gida ya ce a duba ko an kulle rumbu.