Abla Inshira a Matakalar Gidan Masaƙi

Shekara goma sha tara ina ɗaukar wa Abla Inshira, wato Yaya Inshira, akwati a ofishin lafiya na unguwarmu a garin Tahta. Ita ke huda diddigen jarirai ta ɗiga jinin a kati, ni kuma in kai katin ɗakin gwaji a kan babur. Shugabanni da yawa sun zo mana da jawabi, sun tafi da abinsu. Ita ba ta iya jawabi ba. Gajera ce, gwiwoyinta a kumbure, kuma ban taɓa ganin ta bar aikin yau ya kwana ba.

Aikin yana da wa'adi: daga kwana uku zuwa bakwai da haihuwa. Akwai wani ciwon maƙoshi da jariri ke zuwa da shi, ido ba ya ganinsa. In an kama shi da wuri, ƙwayar magani kullum ta wadatar. In aka yi sake, yaro ya tashi ba girma ba wayo.

Wata Talata ta lura 'yar Hamdi masaƙi ta kwana shida, ba a kawo ta ba. Muka tafi gidan. Uwar Hamdi, Hajja Bahiyya, ta tare mu a gindin matakala, ta cika ƙofa da jikinta.

"Ba za ki hau ba, Inshira. Ba ofishinku ke ba da takardar binne gawa ba? Wa ya san mamata nawa kika tsallako yau?"

A wurinmu, kafin sabon wata ya tsaya, ba a barin wanda ya fito daga wajen mutuwa, ko mai ɗauke da ɗanyen nama, ko mai sabon aski, ya shiga kan mai jego. Wai nononta zai ƙafe.

"Hajja, gawar da na gani yau ita ce kifin da wannan ya cinye da safe," in ji Abla, tana nuna ni.

Hajja ta dube ni, ta buga ƙirji. "Shi ma aski fes! Kun haɗa baki ne ku ƙafar da yarinyar mutane?"

Laifina ne. Da safen nan na zauna gaban wanzami, na manta inda aiki zai iya kai ni.

Abla ba ta yi musu ba. Ta zauna a matakala ta farko, ta buɗe akwati, ta jera auduga da kati a cinyarta.

"Al'ada ta ce kada in shiga kanta. Ba ta ce kada ita ta fito ta same ni ba. Ke kin fi ni sanin wannan, Hajja."

"Mai jegon kwana shida ta sauko bene uku? Allah ya sawwaƙe!"

"To, ina nan."

Tana nan kuwa, tun hantsi. Matan da ke hidimar bikin kwana bakwai da za a yi gobe sai raɓa ta suke yi da tire a ka. Wata ta miƙo mata shayi a ɓoye, ta shanye a fili. Da azahar shugaban ofis ya kira ta a waya, ya ce ta rubuta sun ƙi, ta dawo.

"Rubuta da hannunka, Dakta. Ni wadda na zo dominta ba ta ce ta ƙi ba. Ko magana ba ta fara ba."

Ta kashe wayar, ta ɗaga murya yadda za a ji har sama: "Gobe kwana bakwai! Ni na haifi nawa na gama, wadda ke da jaririya ita ta sani!"

Gab da la'asar muka ji takun silifas. Rabab ce, matar Hamdi, tana saukowa a hankali, hannu ɗaya a bango, ɗaya rungume da 'yarta. Hajja na biye da ita tana faɗa tana watsa gishiri don korar sharri. Na juya na fuskanci titi, don kada askina ya ƙara jawo magana. Ƙara ɗaya jaririyar ta yi da Abla ta huda mata diddige. Da katin ya bushe na karɓa, na taka babur.

Bayan kwana huɗu ɗakin gwaji suka kira. Yarinyar tana da ciwon. Aka fara ba ta magani a makon.

Hajja Bahiyya ba ta gode ba. Har yau tana gaya wa maƙwabta cewa idon Inshira ne ya kama jikarta. Na kai wa Abla wannan magana raina a ɓace, ta ci gaba da ɗaure akwatinta.

"Wa ke ba yarinyar ƙwayar da safe?"

"Hajjar da kanta. Ita ke niƙa ta a cokali, ba ta yarda kowa ya taɓa."

"To, ta zage ni har ta gaji. Tashi babur, akwai tagwaye a bayan kasuwa."