Ranar da Gwaggo Ta Dawo Daga Aikin Ido

Shekaru sun goge abubuwa da yawa daga zuciyata, amma ranar da na dawo da gwaggona daga aikin ido ta ƙi goguwa, kuma na san ba za ta gogu ba.

Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni bayan rasuwarsa har ta aurar da ni Tudun Wada. Allah bai ba ta haihuwa ba. Da mijinta ya rasu sai ta koma gidan ƙaninta, wato baffana, a Yako. Ɗakin da aka ba ta yana jikin turken awaki, da damina sai ta jera kwanuka tana tarar yoyo. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, ba a hana ta tuwo ba. Amma tuwon kaɗai ake miƙa mata. Ba mai zama ya yi hira da ita, in ta sa baki a magana a ce rikicin tsufa ne. A hankali ta zama mai shiru, ita da a da ake jin dariyarta daga zaure.

Ana haka aka gina wasu ƙananan gidaje masu sauƙin kuɗi a bakin garin Kiru, waɗanda mutane ke kira kwatas, aka ware layi guda don tsofaffin da ba su da mai ɗaukar nauyinsu. Allah Ya sa Gwaggo ta samu. Ciki da falo ne, da banɗaki, da ɗan tsakar gida, ga famfo a bakin layi.

Zuwana na farko bayan ta tare, kusan ban gane ta ba. Na tarar da ita a tsakiyar tsofaffi 'yan'uwanta suna dafa kalwa za su yi daddawa, tana ba da umarni kamar ita ce shugabarsu. Ta yi ƙiba, ta sa lalle. Ta shuka yakuwa da kuɓewa a bayan ɗaki. Maƙwabciyarta, wata tsohuwar Bafulatana da muke kira Inna, ta zame mata aminiya; tare suke cin abinci, tare suke zuwa islamiyyar da ake yi musu da hantsi a gindin darbejiya. Ta ja hannuna ta ce, "Zo ki ga ƙofata. Ni ke rufewa, ni ke buɗewa."

Abu ɗaya ya rage mata, yanar ido da ta rufe mata gani. Baffa ne da kansa ya zo ya ce, "Yaya, wannan ido bai kamata a bar shi haka ba. A kai ki Kano a yi aiki." Har na yi masa godiya da hawaye, ina cewa ashe yana da tausayi. Ya karɓi mukullin ya ce zai riƙa sa a duba mata gidan.

Aka yi aiki, Allah Ya ba da sa'a. Muka zauna gidan wata ƙawata har aka cire bandeji likita ya sallame mu. A mota Gwaggo sai nune-nune take kamar yarinya. "Kin ga dawar can? Ashe haka take da kore!" Ta ce so take ta ga fuskar Inna sosai, don tun haɗuwarsu dishi-dishi take ganinta.

Da la'asar muka sauka a kwatas. Muna shiga layin na ga tsofaffin sun fito sun yi cirko-cirko, ba mai murmushi. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofarta ta juyo ta dube ni.

"'Yar nan, ko mun ɓata layi?"

Ba mu ɓata ba. An yi wa gidan sabon fenti, an rataya labule mai ƙyalli, an cire yakuwar an malala siminti. Daga ciki wata yarinya ta leƙo da lallen amarci a hannunta, ta durƙusa ta gaishe mu, tana tambaya wa muke nema. Amaryar ɗan Baffa ce. Ita ba ta san komai ba, an ce mata gidan mijinta ne.

Inna ta taho ta rungume Gwaggo tana kuka. Ta ce mutanen Baffa ne suka zo da motar akori-kura, suka fito da kayan suka zube a waje za su kai Yako. Tsofaffin suka zauna a kan kayan suka ce sai dai a ɗauka da su. Haka suka raba, wannan ta ajiye tukwane, waccan ta ajiye katifa.

Ban san lokacin da na hau babur na nufi Yako ba. Na samu Baffa a ƙofar gida yana jan carbi. A rayuwata ban taɓa yi masa magana a tsaye ba sai ranar.

"Baffa, don wannan aka kai ta asibiti?"

Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Ke, tsohuwa me za ta yi da ciki da falo? Yaro zai fara iyali. Ga ɗakinta nan, an share."

Na ce, "Ɗakin awakin?"

Ya ce in kiyayi bakina, shi ubana ne.

Washegari na je wurin mai kula da kwatas ɗin. Ya ce an gaya masa ta koma birni da zama. Na ce to ga ta ta dawo. Ya ɗaga kafaɗa ya ce maganar dangi ce, sai dai in ita ta kawo ƙara da bakinta. Na roƙe ta, tsofaffin suka roƙe ta. Ta girgiza kai ta ce, "Ni na goya shi a bayana. Ba zan tsaya gaban hukuma da shi ba." Baffa ya san haka za ta ce. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, da kunyarta ya yi mata fashi.

Na ce ta biyo ni Tudun Wada, ta ƙi. Yako ma ta ce ta gama da ita. Inna ta shimfiɗa mata katifa a falonta, katanga ɗaya tsakaninta da gidanta. A nan ta zauna har Allah Ya karɓi abinSa, tsofaffin nan kuma su suka yi jinyarta, su suka yi mata wanka.

Abin da na koya shi ne, da yawanmu muna ganin tsoho ya gama buƙatar komai sai tuwo da likkafani, duk abin da ya samu bayan haka kallon gado muke yi masa tun yana numfashi. Gina wa tsofaffi gida alheri ne babba, na ga yadda yake dawo da mutum hayyacinsa. Amma in ba a tsaya musu ba, ba baƙo ne zai raba su da shi ba, nasu ne, wanda ya san ba za su iya ɗaga masa murya ba.