Tumatirin Rahila

Jiya a kasuwar Artisan ƙamshin ɗanyen tumatir ya daki hancina, sai malaminmu na noma ya faɗo mini a rai.

Sakandarenmu ƙarama ce, a wani ƙauye gaba da Abakpa. Malamin dattijo ne ɗan Zariya, aiki ya kawo shi. Ya ba kowane ɗalibi kunya biyu ta tumatir a gonar makaranta. Kafin ya ba da maki, sai ya duƙa ya ɗebi ƙasa, ya murza, ya shinshina. Kullum ƙasar Rahila, 'yar ajinmu daga kudancin Kaduna, ce ke sa shi murmushi. Ni kuwa sai dai ya ce, "Hadiza, ƙara ruwa." Ni ce ta ɗaya a lissafi, amma murmushin nan nake so.

Wata safiya na riga kowa zuwa, na tuge wa Rahila shuka uku. Ina ɗagowa na gan shi tsaye da butar ban ruwa.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Da kika tuge nata, naki ya ƙara tsawo?"

Na sunkuyar da kai. Ya miƙo mini butar. "Mayar da su. Ke za ki shayar da su har ƙarshen zango."

Biyu suka rayu. Har ya rasu bai gaya wa kowa ba. Ya Allah, yadda ya rufa mini asiri, Ka rufa masa nasa, Ka sanyaya makwancinsa.