Yadda Yaya Habu Ya Kamo Gyaran Da Ya Ɓata Masa Suna

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Habu makwancinsa a Kahu, kuma har yau raina na ɓaci in na tuna waɗanda suka ci mutuncinsa.

Malamin lissafi ne a wata sakandare a Rano. A farkon shekarun Shari'a ya rubuta musu manhajar haɗa makin jarrabawa. Da sakamako ya fito, sai makin wasu ɗalibai ya ragu. Kwamitin makaranta, mutanen da ko kunna kwamfuta ba su iya ba, suka ce ha'inci ya yi, suka dakatar da shi.

Laifin yana wani wuri dabam. Akwai wata manhajar da ke juya umarnin da mutum ya rubuta wa kwamfuta zuwa abin da na'ura ke ganewa, kuma tana yin nata gyare-gyaren barkatai don aiki ya yi sauri. In Yaya ya kashe su duka, maki ya fito daidai. In ya bar su, ya lalace. Sai ya sa mata iyaka, ta yi rabin farko na gyare-gyaren kawai. Lafiya lau. Ya ƙara rabin sauran, ya lalace, ya ja baya.

"Ƙanwata, in saniya ɗaya ke ɓarna a garke, ai ɗaure rabi za ki yi ki saki rabi, har ki gano ta," ya ce mini.

Kafin la'asar ya tsaya kan gyara guda, wanda ke tsallake darasin ƙarshe wajen tara maki. Ya rubuta bayanin a takarda, ya kai wa kwamiti da murnarsa. Shugabansu ko kallon takardar bai yi ba, ya ce, "Malam, ka daina yi mana turanci." Ashe tuni sun ba surukin shugaban gurbin Yaya. Abin kunya, suka bi ta bayan fage suka gyara makin yaran da dabararsa. Shi kuwa ya koma noman albasa a Kibiya har ƙarshen rayuwarsa.

Da zai ga masu kiran kansu injiniyoyi yau, waɗanda maganinsu ɗaya ne, a goge komai a sake zubawa, tsaki kawai zai ja.

Abin da ya bar mini shi ne ba na ɗora wa kowa laifi sai na bincika na gano daga ina ɓarnar ta fito. Allah Ya jiƙansa. Takardar da za ta wanke shi kuwa, har yau babu wanda ya rubuta.