Sunan da ke Bayan Motoci

"Ai ba sunana ba ne," in ji dattijon, bai ko ɗago kai ba.

Muna tashar Babura, ina jiran mota ta cika. Yana tsugune a bayan wata bas, yana zana tafki da kwalekwale ɗaya, babu kowa a ciki. Siriri ne mai tsagen Barebari, fenti ya bushe a farcensa. A ƙasan kowane zane yakan rubuta "Hussain". Direbobi sun ɗauka sunansa ne, da shi suke kiransa.

"To na wane ne, Baba?"

"Abokin tagwaicina. Ni ne Hassan. An kwashe su a mota lokacin rikicin garinmu, har yau ba shari'a, ba gawa."

"Me ya sa ba ka gyara wa mutane ba?"

Yana goge buroshi a gwiwarsa a hankali. Ina jin duk garin nan babu wanda ya san fuskar ɗan'uwan sai shi.

"Yaro, in na gyara, wa zai ƙara kiransa?"

Can wani direba ya ɗaga murya: "Hussain! Tawa fa?"

"Na'am," in ji shi. Ya kwashi gwangwanayensa ya nufi motar.