Gonar da Ruwa Ya Rufe

Tun hantsi Barakatu take satar kallon wani dattijo a layin masu karɓar tallafin noma a Warra. Wannan ne aikinta na farko bayan jami'a, ita ke duba takardar sunayen waɗanda za a ba tallafin.

Dogo ne siriri, wandonsa jiƙe sharkaf, yana rungume da ƙunshin ganyen bado kamar jariri. Ba ya turereniya. Da gani manomin bakin tafki ne, irin masu bin ruwa da shuka in ya janye, kuma da kuɗin nan yake sa ran takin bana.

Layi ya zo kansa, ta duba takardar, babu sunansa. "Baba, masu awo sun ce ba su ga gona ba, ruwa suka tarar."

"Da cikar ruwa sunka zo, ɗiyata."

Ya kwance ƙunshin. Baƙar laka ce, da ruɓaɓɓen tushen shinkafa a ciki.

"Nutso na yi na ɗebo ta. Ki gwada musu."

Takardar ba ta da gurbin laka. Na baya suka fara gunaguni. Ya juya a hankali, ya bar mata gonarsa tana ɗiga a kan tebur.