Ba Motsi

Shekara ashirin da bakwai Babana ya yi yana aiki a ƙarƙashin gada. Tun ina firamare na daina faɗa wa ƙawayena haka, don dariya suke yi mini. Mai Alli ake ce masa, saboda aljihunsa ba ya rabo da alli, har Mama ta gaji da mita a kan farin garin da ke ɓata mata ruwan wanki.

Aikinsa duba boris ne, amma ba irin na mota ba. Tsakanin gada da ginshiƙin da ke ɗauke da ita akwai abin da take zaune a kai. Wani roba ne mai kauri da farantan ƙarfe a cikinsa, wani kamar tukunya aka cika ta da roba, wani zamewa yake yi, tsofaffin kuwa sandunan ƙarfe ne masu birgima. Baba ya ce gada tana miƙewa idan rana ta buge ta, ta takure idan sanyi ya sauka. Abin bai wuce faɗin yatsa biyu ba, amma idan aka hana ta, a kan ginshiƙi take hucewa.

Yakan sauka ta tsanin ƙarfe da tocila da ɗan madubi a bakin sanda. Ya share kashin tantabaru, ya duba tsatsa, ya latsa robar ya ga ko ta tsage. Sai kuma dabararsa: da sanyin safiya ya ja layin alli daga farantin sama zuwa na ƙasa, da la'asar ya koma. Idan layin ya rabu biyu, boris yana da rai. Idan yana nan yadda ya ja shi, ya ƙame.

A ginshiƙi na huɗu na gadar kogi, wadda nake hawa kullum zuwa makarantar da nake koyarwa, layin ya daina rabuwa. Baba ya buɗe fom ya rubuta: ba motsi. Shekara tara yana rubuta kalmomin nan biyu yana miƙawa a ofis. Shi mutum ne da ya yarda da takarda fiye da bakinsa, idan ya rubuta ya sa hannu, to ya gama faɗa.

Ranar da aka yi masa walimar ritaya ina zaune a bayansa. Shugaban sashe ya miƙe yana yabonsa.

"Ku dubi aiki! Shekara tara a jere rahotonsa ɗaya ne, gadar kogi ba motsi. Daram take!"

Aka yi tafi. Ashe akawun da ke kwafe fom ɗin, duk inda ya ga ba motsi, a layin lafiya lau yake sa shi. Wa zai ga laifinsa? Kowa gadar da ba ta motsi yake so.

Baba ya tashi, kofin lemo a hannunsa.

"Yallaɓai, ba motsi fa yana nufin boris ya mutu. Ginshiƙin ne ke shan wahalar, har ya fara tsagewa."

Wasu suka yi dariya, sun zaci barkwancin bankwana ne. Shugaban ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba dattijo, yau ranar hutunka ce. Ka rubuto mana, za a duba."

Ya rubuta. Sau shida ina kai takardar da hannuna, ana buga mata hatimi ana sa ta a fayil. Ina jin haushinsu, kuma wallahi ina jin haushinsa shi ma. Da ya ƙara layi ɗaya tak a fom na farko, da ba mu zo nan ba. Ban taɓa faɗa masa ba, don na san shi ne abin da yake nanatawa a ransa.

Yanzu gwiwarsa ta ƙi, ko matakalar ƙofar gida sai an riƙe shi. Ya rame, ya daina sauraron rediyo. Kullum da safe yana zaune a kujerar falo yana kallona ina ɗaukar jaka, ya san babu wata hanyar sai gadar.

Jiya ya miƙo mini guntun alli. "Uwata, ki sauka ki ja mini layin. Ko sau ɗaya ne."

Yau da safe na sauka, motoci na rugugi a kaina. Tsagar da ya ce ta fara, na zura allin nan ya karye, rabinsa ya shige cikinta har ya ɓace, da guntun da ya rage a hannuna na ja layin. Bayan an tashi daga makaranta na koma. Layin yana nan a miƙe.

"Ya motsa?" ya tambaya tun ban cire takalmi ba.

"Ya motsa, Baba."

"Yatsa nawa?"

"Biyu."

Ya kalle ni, sannan ya juya wajen taga.

"Yau da hadari aka wuni," ya ce. "Rana ba ta fito ba, uwata."

Na shiga ɗaki na goge kayan da zan sa gobe. Motar ƙarfe bakwai nake hawa.